RAV4 ko CR-V: wacce za ta ɗauki keken Baba da akwatunanmu?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah daga bakin waɗanda suka riƙe motar, ba waɗanda suka gan ta tana wucewa a titi ba. Ƙaramar mota ce a hannuna shekara biyar, ba ta taɓa ba ni kunya ba. To tun bara da Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, ni ke kai shi asibitin Shika ganin likita duk wata daga nan Kaduna. Kekensa ko an naɗe shi, bakin but ɗin ba ya karɓarsa sai an karkata an yi ta fama, idan da akwati a ciki kuwa sai mu bar murfin a buɗe mu ɗaure da igiya. Shigar da Baba ma kansa aiki ne, kujerar ta yi ƙasa. Na haɗa kuɗin adashe da abin da za a ba ni na tsohuwar, dillali ya turo min hotunan ƙananan jif guda uku: Toyota RAV4 ta 2010, Honda CR-V ta 2013, da Nissan Rogue ta 2014, duk ya ce tokumbo ne daga Amurka. Mu biyar muke tafiya idan an yi hutu za mu wuce Funtuwa: ni, Baba, ƙanena mai taya ni ɗaga shi, da yara biyu. Wacce ce but ɗinta ya fi girma?

Ɗan Zaki: Wa alaikumus salam. Anti ki ɗauki Toyota ki huta. An rufe taro 😂

Admin: Ɗan Zaki, kai da babur ɗinka na haya ne, ka bari masu mota su yi magana. Allah ya ba Baba lafiya, Maman Ilham.

Malam Mai Lissafi: Amin. Hajiya, idan girman da ke rubuce kike tambaya, ga shi. Amurkawa suna auna but da awon da suke kira kubik fit, kowane ɗaya lita 28 ne da ɗan ɗoriya. RAV4 ta 2010 an rubuta mata 36.4 a bayan kujerun baya, CR-V ta 2013 kuma 37.2. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta cika jarkar ruwa mai lita 25 ba. Kenan a takarda kunnen doki suka yi.

Amma ki yi hattara da lambobin nan. Ita wannan CR-V ɗin, idan kin juya awon Amurka zuwa lita, za ki samu sama da 1,000. Ki duba abin da aka rubuta mata a Turai, za ki ga lita 589. Mota ɗaya ce. Su Amurka har rufi suke aunawa, su Turai iyakarsu gindin gilashi. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauko lambar wannan daga Amurka, ta waccan daga Ingila, ya ce wata ta ninka wata.

Maman Ilham: Ikon Allah! Ni kuwa daren jiya na kwana ina kwatanta irin waɗannan lambobin har kaina ya yi ciwo.

Baban Khalil: Ni RAV4 ta 2011 nake hawa, shekara shida kenan, ƙira ɗaya ce da wadda aka nuna miki. Zan faɗa miki abin da na sani, mai daɗi da marar daɗi.

Safayar taya a jikin ƙofar baya take daga waje, saboda haka ƙasan but ɗin akwai rami mai murfi. Nan nake zuba jak, waya ta haɗa batir, dardumar salla da takalman yara. Kujerun baya suna matsawa gaba da baya a kan layinsu, idan yara ne a zaune sai in tura su gaba kaɗan, but ya ƙara zurfi. Kuma ƙasan ba shi da tudu a baki, abu mai nauyi turawa kawai ake yi. Don keke irin na Baba wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abin da za ki yi tunani a kai shi ne ƙofar. Ba sama take ɗagawa ba, gefe take buɗewa kamar ƙofar ɗaki, kuma maƙalarta a dama take. Mu a nan hannun dama muke tuƙi, idan kin faka a bakin titi, ƙofar za ta buɗe ta tare miki ɓangaren da babu motoci, ke kuma ki tsaya ta ɓangaren titi kina sauke kaya. Sannan tana son fili a baya. Wurin fakin na asibiti inda kowa ke manna motarsa a bayan ta wani, sai ki ga rabi kawai ta buɗu. Ga nauyin tayar a jikinta. Ni na saba, uwargida kuwa har yau ba ta son buɗe ta a gangare.

Hajiya Mai Atamfa: To kin ji ko, ƙanwata? Shi ya sa ni CR-V ɗin nan ta 2013 na zaɓa, kuma ban yi nadama ba. Ƙofar sama take tafiya, ko ruwa ake yi ina fakewa a ƙarƙashinta in lissafa kayana. Akwai wani hannu a gefen but, ja ɗaya kujerar baya ta kwanta da kanta. Ranar da zan sauko da kaya daga Kantin Kwari haka nake kwantar da su duka biyun in jera turamen atamfa da leshi.

Baban Khalil: Hajiya, ki gaya mata inda safayarki take mana.

Hajiya Mai Atamfa: Kai Baban Khalil, ba ka barin ta kwana! Ƙarƙashin but take, kuma 'yar siririyar nan ce.

Baban Khalil: Yauwa. Wato idan taya ta yi faci tsakanin Giwa da Funtuwa, sai an sauke keken Baba da akwatuna da kulolin abinci a bakin titi kafin a kai gare ta. Ita 'yar siririyar kuma a jikinta an rubuta kada a wuce gudun kilomita 80. Tayar da aka cire ba lallai ta zauna daidai a ramin ba, sai a nemo mata wuri a cikin kaya da ƙurarta da komai.

Hajiya Mai Atamfa: Sau nawa ake faci a shekara? Sau nawa kuma ake buɗe but? Ni kullum sai na buɗe nawa sau biyar. Ita wannan baiwar Allah keke za ta riƙa fitarwa a harabar asibiti, ba a dajin Giwa ba. Ka auna da kanka.

Baban Khalil: Wannan kam kin yi gaskiya. Amma ranar ɗaya da za a yi facin, da marar lafiya a mota, rana tana dukan mutum, ita ce ba a mantawa.

Alhaji Na-Kwatano: Salamu alaikum. Ni sana'ata ce, shekara ashirin ina kawo motoci, tun ana shigo da su ta Seme kafin a hana shigo da mota ta kan tudu a farkon 2017. Hajiya, ki bar wannan dogon Turanci. Cikin ukun nan Rogue ce ta fi sabunta, ta fi kyan ciki, ba ta shan mai, kuma za ki same ta da sauƙin kuɗi. Duk jif jif ce, keke ɗaya ne zai gagare ta?

Injiniya Panteka: Alhaji, ranka ya daɗe, kai kana sayarwa ka juya baya, mu ake kawo wa. Bari in yi nawa bayanin, ita ta zaɓa.

Rogue ta 2014 giyar CVT ce a jikinta, wadda ba ta da hawa-hawa irin na giyar da muka saba, bel ne na ƙarfe ke aiki tsakanin fulai biyu. Tana rage shan mai, gaskiya ne. Amma tana da man giyarta na musamman, ba ta son zafi da lodi, kuma a can Amurka ma sai da kamfanin ya tsawaita garanti a kan giyar wasu shekaru. A nan kuma yaro zai ɗauko jan man giya na gama-gari ya ɗura mata, shi kenan an gama da ita. Masu iya buɗe ta su gyara ba su da yawa, galibi sai dai a nemo wata a ɗora. Ban ce kada kowa ya saya ba. Na ce mace mai jigilar marar lafiya, wadda maigidanta ba bakanike ba ne, ba ita zan nuna mata ba.

CR-V ta 2013 giya biyar ce ta gargajiya, injin 2.4. Daga 2015 ne CR-V 'yan Amurka suka koma CVT. RAV4 ta 2010 idan mai filogi huɗu ce injin 2.5 ne da giya huɗu, akwai kuma V6, wato mai filogi shida, injin 3.5, wannan doki ce amma ki shirya wa gidan mai. Abin da zan ja kunnenki a kai: ki tabbata 2010 ɗin ce da gaske. 'Yan 2006 zuwa 2008 masu injin 2.4 an san su da shan baƙin mai, kuma jikinsu kusan ɗaya ne da na baya-bayan. Ana canza fitilu da bamba a ce miki sabuwar shekara ce. Lambar shasi ba ta ƙarya: harafi na goma shi ne shekara. Idan 2010 ce za ki ga A, idan kin ga 8 to 2008 ce aka yi wa kwalliya. Ta 2013 kuma D.

Alhaji Na-Kwatano: Injiniya, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ni ban taɓa yi wa mota kwalliyar shekara ba.

Injiniya Panteka: Ban ce kai ba, Alhaji. Amma ka san ana yi.

Alhaji Na-Kwatano: Ana yi kam.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Ina so in ƙara abu ɗaya da ban ga an faɗa ba. RAV4 ta waɗannan shekarun iri biyu ce. Wadda aka yi wa Amurka doguwa ce, wadda aka yi wa Turai gajera ce, tsakanin tayar gaba da ta baya kaɗai akwai bambancin santimita 10, but ɗin ma ba ɗaya ba. Mu nan 'yan Turai sun fi yawa, da yawa masu gazuwal, wato dizal, da giyar hannu. Wani abokina ya ga ta yayansa a Kano, ya dawo ya sayi mai suna ɗaya da shekara ɗaya a nan, sai ya tarar kayan da waccan ke ɗauka wannan ba ta ɗauka. Saboda haka abin da Baban Khalil ya faɗa a kan tasa, ki tabbata irin tasa ce aka nuna miki.

Baban Khalil: Tawa 'yar Amurka ce. Kuma tunda an zo nan, wasu 'yan Amurkan suna zuwa da ƙananan kujeru biyu a can baya, layi na uku. Dillalai na son yin talla da su, wai mai cin mutum bakwai. Yara ƙanana kaɗai ke iya zama, idan an ɗaga su but ya tafi, idan an kwantar kuma sun cinye ramin nan da na ce ina ajiye jak. Ke ba ki bukatar su.

Abu Yazid: Ni dai a ganina duk kuna zagaye ne. Mai keken marar lafiya da mutum biyar Sienna ta kamace shi. Ƙofa ta zuge, ƙasa-ƙasa, a shigar da Baba cikin mutunci, a baya kuma ko firij ne zai shiga.

Maman Ilham: Wallahi na yi tunaninta, Abu Yazid. Lungunmu a Tudun Wada ne ba zai karɓe ta ba, ga kwata a ƙofar gida, ga kuɗin mai. Kullum da ita zan je makaranta in dawo, tafiyar Baba sau ɗaya ce a wata.

Abu Yazid: To an fahimta. Na janye.

Malam Mai Lissafi: Akwai lissafin da ya fi na lita muhimmanci, kuma kusan babu mai dubawa. Ki buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai 'yar takarda a manne mai bayanin iskar taya. A samanta an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya gaba ɗaya. Na CR-V 'yar Amurka kilo 385 ne. Ki duba na RAV4 ɗin da idonki, ba za ta yi nisa da haka ba.

Mu ƙaddara manya uku kilo 210, ban tambayi na kowa ba don kada a kore ni daga zaure. Yara biyu 55. Keke kamar 18. Akwatuna uku 50. An kai 333. Saura kilo 52, wato buhun shinkafa ɗaya ya rufe lissafi. Yanzu ku gaya min, wa ke zuwa Funtuwa da kaka ya dawo ba a saka masa buhun masara a mota ba? Shi kaɗai kilo 100 ne. But zai ce yana da wuri, shokozoba da sifirin da birki su ne za su biya.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Atamfa a ido ba komai, a sikeli dutse ce. Sai da Injiniya ya nuna min yadda bayan motar ke zama idan na cika ta, na koma aiko da rabin kayan a motar haya.

Maman Ilham: Masarar kam dole ce, Gwaggo ba ta barin mu fito hannu rabbana 😅 Sai dai a riƙa ba direbobin tasha.

Ɗan Zaki: A ɗaura a kariya a sama mana.

Injiniya Panteka: Abin da ke kan kariya ma cikin wancan lissafin yake, ba kyauta ba ne. Kuma nauyi a sama yana sa mota layi a kwana. Katifa ko Gana-mas-go ta tufafi, to. Buhu a'a.

Maman Ilham, wata tambaya: kina da niyyar mayar da ita mai gas? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane ke ta kawo zancen CNG. Tukunyar a but ake kwantar da ita, daidai bayan kujera, wato daidai inda keken zai zauna, kuma tana da nauyi. Idan kina da wannan tunanin, ki cire wurin tukunya tun yanzu a lissafinki.

Maman Ilham: A'a, ba yanzu ba. Keken ya riga tukunya.

Ummu Sadik: 'Yar uwa, ni ba zan ce miki ga wadda za ki saya ba, labarina zan ba ki. Shekara uku da suka wuce na sayi wata ƙaramar jif, ba zan kama suna ba, daga hoto da bidiyo. Cinikin biri a sama. A bidiyon mai sayarwa ya buɗe but, fili fetal kamar ɗaki. Ashe gilashin baya a kwance yake, ƙasa faɗi, sama a tsuke. Ranar kai kayan ƙanwata gidan miji muka jera akwatuna, babbar ta shiga a tsaye lafiya lau, aka zo rufewa gilashi ya doki kanta. Muka kwantar da ita, sai ta cinye wurin biyu. A ƙofar gida, dangin miji na jira, muka koma neman Keke Napep. Tun daga ranar na ɗauki darasi: tef ɗin tela na cikin jakata.

Wurare huɗu za ki auna: faɗin baki, tsakanin tudun tayoyin nan biyu na ciki don nan ne ya fi tsukewa, daga bayan kujera zuwa ƙofa a ƙasa, sannan ki sake auna shi a sama daidai kan kujera. Na saman nan shi ne ya ci ni. Amma duk wannan idan ba za ki iya zuwa da kayan ba ne. Idan za ki iya, ki ɗauki keken da akwatunan ki je da su. Gani ya kori ji.

Alhaji Na-Kwatano: A zo da akwatuna wurin sayar da mota? Sai ka ce tasha. Idan aka karce min roba fa?

Ummu Sadik: Sai ta shimfiɗa zani, Alhaji. Miliyoyi za ta ƙirga.

Alhaji Na-Kwatano: To, idan mai saye ce da gaske ba mai taya-ni-gani ba, ni ba zan hana ba.

Injiniya Panteka: Tunda za ki buɗe but ɗin, ki yi jifa ɗaya ki kashe biyu. Ki ɗaga shimfiɗar ƙasa ki leƙa ramin. Idan kin ga tsatsa, busasshen taɓo a lungu, ko warin rima, ta sha ruwa a can, irin motocin ambaliya da ake gwanjonsu. Ki ja bel ɗin kujera har ƙarshe ki ga ko akwai zanen ruwa. Ki dubi haɗin ƙarfen ramin, na kamfani a jere yake sumul, idan kin ga walda ko fenti sabo an buge ta ta baya. Ki turo min lambar shasi a duba tarihinta, takardun kwastam kuma kada ki yarda da hoto.

Game da jin ra'ayin masu mota, ga yadda nake gaya wa mutanena. Wanda ya saya watan jiya angonci yake, komai zuma ne. Wanda ke son rabuwa da tasa dillali ne ko bai sani ba. Ki nemi wanda ya yi shekara biyu zuwa sama, kada ki ce masa "tana da kyau?", ki ce "me ka canza a bara, nawa ka kashe, a ina ka samo kayan?" Ki kuma je wurin masu sayar da kayan gyara ki tambayi kuɗin shokozoba na baya da kwamfiresan AC na kowacce.

Baban Khalil: Ni a bara shokozoba na baya da batir na canza, sai bushin. Kaya kuwa ko a Kofar Ruwa ko a Panteka ba a nema a rasa.

Hajiya Mai Atamfa: Ni tayoyi huɗu da birki. Abu ɗaya da zan gaya miki tsakani da Allah: tawa ba ta da hudar AC a bayan kujerun gaba, watan Afrilu na baya sai sun ɗan jira kafin sanyi ya kai musu. Ki sa Baba a gaba.

Baban Khalil: Tawa ma haka take, a nan babu wanda ya fi wani.

Maman Ilham: Salam 'yan uwa, na dawo da rahoto. Jiya Asabar muka je da ƙanena, da keken, da akwatuna uku, da babbar kula. Har Baba muka ɗauka, ya ce shi ma sai ya ga abin da za a saya da sunansa. Yaran wurin suna ta dariya, na shimfiɗa zanina kamar yadda Ummu Sadik ta ce.

Rogue ban ma sa an buɗe ta ba. A RAV4 keken ya shiga a tsaye a naɗe, akwatuna uku suka bi gefensa bayan mun tura kujera gaba kaɗan, kula ta hau sama, ƙofa ta rufe. A CR-V keken da akwatuna biyu suka zauna daidai, ta ukun sai a kan 'yan uwanta, ta tare rabin gilashi, kular kuma sai ƙarƙashin ƙafar yara. Kenan a kaya RAV4 ta ɗan fi.

Amma da na ce a matso da wata mota bayan RAV4 ɗin kamar yadda ake yi a Shika, ƙofar ba ta buɗu yadda keken zai fito ba, sai da na ja gaba. Kuma ni kaɗai na gwada ɗaga keken in saka, a duka biyun na iya. Baba kuwa da aka zaunar da shi a gaban CR-V, ƙafarsa marar lafiyar ta shiga ba tare da an naɗe ta sosai ba, ya ce a bar shi a nan. Akwati ta uku dama ta kayan yara ce, sau biyu a shekara ake ɗaukarta.

Hankalina ya fi kwanciya da CR-V ɗin: ramin safayarta a bushe yake, babu tsatsa. Harafi na goma D ne. Ban ba da ko sisi ba tukuna.

Baban Khalil: An kayar da ni a gaban jama'a 😂 Allah ya sa alheri. Ki sayi famfon iska mai aiki da batir ki ajiye, ki kuma riƙa duba iskar 'yar siririyar nan, ana mantawa da ita sai ranar bukata a tarar ta sace.

Hajiya Mai Atamfa: Barka da shigowa gidanmu, ƙanwata.

Injiniya Panteka: Kada ki yi saurin karɓar barka. Turo min lambar shasin ta akwatin sirri yanzu. Idan tarihin ya fito lafiya, Litinin da safe ki ce kada kowa ya tayar da ita kafin in iso, ina so in ji ƙarar injin a sanyi. Ki ce su tanadi takardun kwastam na asali, kuma za mu fita da ita titin Zariya mu biyar a ciki.

Maman Ilham: Na turo, Injiniya. Ƙarfe nawa?

Injiniya Panteka: Bakwai da rabi. Ki zo da keken.